Gidan da jikin mazauna ke ɗumamawa: ginin ƙasashen ƙanƙara a idon mai zanen gini daga Damagaram

A tsakiyar watan Janairun da ya wuce, lokacin da hunturu ya kankama har ƙura ta lulluɓe duwatsun Birni, ƙanena da ke karatu a lardin Kebek na ƙasar Kanada ya kira ni ta bidiyo bayan sallar asuba, a wurinsu kuwa dare ne ya raba. Ina zaune a ɗakina na bulo da kwano, na ƙudundune cikin bargo, na ja hula har kunne, shi kuma yana sanye da ƴar shara kamar mai shan iska a watan Afrilu. Ya juya wayar wajen taga ya nuna mini motoci da ƙanƙara ta binne har rabi, sannan ya ce, "Yaya, sanyin waje ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili, amma wallahi ban taɓa yin makyarkyata a ɗakin nan kamar yadda nake yi a ɗakinka ba." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin sana'ata zanen gine-gine ce da duba aikin magina, kuma ɗakin da yake yi wa gorin ni na zana shi da hannuna.

Amsa ta farko mai sauƙi ce: ɗakinsa yana shan wutar lantarki dare da rana, kuma Kebek tana da manyan madatsun ruwa da ke ba ta wuta mai arha. Kowa zai iya ɗumama gida idan yana da abin ƙonawa, kamar yadda kowa zai iya sanyaya akwatin siminti a Zinder idan yana da kuɗin na'urar sanyi da kuɗin wuta. Tambayar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce wadda masana gini na waɗannan ƙasashe suka shafe kusan shekara hamsin suna fama da ita, wato yadda za a gina gidan da zai riƙe ɗumi a cikin irin wannan sanyi ba tare da an ƙona itace ko gas ko mai da yawa ba.

Abu na farko da ya kamata a gyara shi ne yadda muke faɗin maganar. Mukan ce sanyi ya shigo ɗaki, amma a haƙiƙa zafi ne yake fita, domin zafi kullum yana gangarawa daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, kuma gwargwadon tazarar da ke tsakanin ciki da waje gwargwadon saurin gudunsa. A nan wurinmu, idan rana ta kai digiri 43 a watan Mayu kuma mutum yana son ɗakinsa ya tsaya a 28, tazarar digiri 15 ce, kuma dare yakan rage ta. A tsakiyar Kanada ko Saiberiya, mutumin da ke son digiri 20 a ɗaki alhali waje yana 30 ƙasa da sifili yana fama da tazarar digiri 50, dare da rana, wata da watanni.

Wannan bambanci na dare da rana shi ne ya sa katangar ƙasa, wadda muke alfahari da ita, ba za ta yi musu aikin da take yi mana ba. Katangar tubali mai kauri, irin ta tsofaffin soraye na Birni da Zango da fadar Sarkin Damagaram, ba hana zafi wucewa take yi ba, jinkirta shi take yi. Tana shanye zafin rana sannu a hankali, kafin ya ratsa ta ya kai ciki rana ta faɗi, sannan ta riƙa sakin sa da dare lokacin da gari ya yi sanyi. Dabara ce da ta dace da ƙasar da rana ke ƙuna dare kuma ke sanyi. Inda rana da dare duk sanyi ne, katangar ba ta da lokacin da za ta cika tumbinta, sai ta koma tana tsotse ɗumin ɗaki tana miƙa wa waje. Abin da suke bukata shi ne irin aikin da kula ke yi. Kular da uwargida ke zuba tuwo a ciki ba ta da nauyi ko kaɗan, kumfa ce cike da ƙananan ramuka na iskar da ba ta motsi, kuma ita ce dai ake saka ƙanƙara a ciki lokacin azumi. Ba ruwanta da ko zafi aka ba ta ajiya ko sanyi, aikinta kawai ta hana na ciki da na waje haɗuwa. Iskar da aka tsare wuri ɗaya tana cikin abubuwan da zafi ya fi shan wahalar ratsawa, kuma kusan duk hikimar ginin ƙasashen sanyi a kanta ta tsaya. Ni nakan kira wannan shimfiɗa bargon bango idan ina yi wa magina bayani, kuma haka zan kira ta a nan.

Kakanninsu sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro ma'aunin zafi. Ɗakin ƙanƙara na mutanen Inuwit, mazauna ƙuryar arewacin Kanada, wanda ake kira igulu, ana yanka tubalansa ne daga ƙanƙarar da iska ta daddale, wadda ke cike da iska a tsakanin ƙwayoyinta, don haka bangon kansa bargo ne. Ƙofarsa rami ce da ke ƙasa da daɓen ɗaki, wurin kwana kuma dandamali ne da aka ɗaga sama, saboda iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta kwanta a ramin, mai ɗumi kuma ta taru inda mutane suke, ga fitilar kitsen dabbar ruwa tana ƙara ɗumi. A Aislan, inda itacen gini ya yi ƙaranci ƙwarai, sun riƙa yanko fatar ƙasa da ciyawarta da saiwoyinta suna jera bango mai kauri da ita, su kuma rufe saman da ita har ciyawa ta tsiro a kan gida. A Norwe ana shimfiɗa ɓawon wani itace mai hana ruwa a ƙarƙashin irin wannan rufi. Wanda ya fi burge ni shi ne murhun Suwidin mai rufin tangaran, wanda Carl Johan Cronstedt da Fabian Wrede suka inganta a 1767 saboda ƙarancin itace ya dami hukuma. Maimakon hayaƙi ya miƙe sama ya tafi da zafinsa, sai aka yi masa hanyoyi masu lanƙwasa a cikin jikin murhun, ya hau ya sauko yana barin zafi a cikin tubalin, ta yadda wutar ɗan lokaci za ta riƙa ɗumama ɗaki na sa'o'i masu yawa bayan ta mutu. Da na karanta wannan sai na tuna gadon ƙasa na kakata, mai kogo a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi da magariba a lokacin ɗari, mu kuma yara muna rububin kwana a kansa domin har asuba yana da ɗumi. A nan kam nauyin ƙasa yana da amfani ko a ƙasar sanyi, muddin yana cikin bargo ne ba a wajensa ba.

Zuwan mai da gas masu arha ya sa an yi watsi da yawancin wannan lissafi, aka riƙa gina gidaje masu siraran bango ana dogara da tukunyar ɗumama gida. Tashin farashin mai na 1973 ne ya farkar da su. A 1977 gwamnatin lardin Saskacewan a Kanada ta sa aka gina wani gidan gwaji a birnin Rijaina, kuma cikin injiniyoyin da suka yi aikin akwai Harold Orr. An so a nuna ƙarfin hasken rana ne, amma injiniyoyin suka lura cewa a wurin da rana ke gajarta lokacin da aka fi bukatar ta, gara a fara rage abin da gidan ke zubarwa. Suka yi masa bargo mai kaurin da ya ninka na gidajen zamanin, suka toshe duk wata kafar iska, suka saka masa na'urar da ke ƙwato zafi daga iskar da ake fitarwa. Daga baya na'urorin tara zafin rana da aka ɗora masa, waɗanda su ne abin kallo, suka lalace aka cire su, bangon kuwa ya ci gaba da aikinsa shiru. Wannan labari yana yi mini daɗi domin na sha ganin irinsa a ƙaramin mataki, inda mai gida zai kashe kuɗi a kan na'ura mai ƙyalli ya bar rufin da zai yi masa hidima har jikokinsa.

Tunanin ya tsallaka Turai. A 1988 Bo Adamson na jami'ar Lund a Suwidin da Wolfgang Feist na Jamus suka tsara ƙa'idar ginin gida mai tsimin ɗumi da aka sani yau da sunan Passivhaus, kuma a 1991 aka kammala ginin farko a kan wannan tsari a unguwar Kranichstein ta birnin Darmstat, jerin gidaje huɗu manne da juna. A 1996 aka kafa cibiyar da ke kula da ƙa'idar a wannan birni. Ƙa'idar ta ce kada ɗumama gida ya ci fiye da kilowat-awa 15 a kan kowane murabba'in mita a shekara. Domin a fahimci ƙanƙantar wannan adadi, litar kananzir ɗaya tana ɗauke da kusan kilowat-awa 10, wato gida mai murabba'in mita 100 zai ƙare shekara guda da ɗumin da bai wuce na lita 150 ba, bai ma cika ganga mai lita 200 ba, alhali tsofaffin gidajen da ba a gyara ba sukan ci kusan ninki goma na haka. Akwai wata hanyar auna ƙa'idar, wadda ta ce a ranar da sanyi ya fi tsanani kada gida ya nemi fiye da wat 10 a kan murabba'in mita. Jikin babban mutum da ke zaune yana fitar da zafin da ya kusa wat 100. Ke nan ɗaki mai murabba'in mita 20 yana bukatar wat 200, kuma mutum biyu da ke hira a cikinsa sun kusa biyan bukatar da jikinsu, kafin a haɗa da zafin girki da na fitila da na rana da ke shigowa ta taga.

Idan aka yanka bangon irin wannan gida aka duba shi daga ciki zuwa waje, za a fara da allon da ake shafa wa fenti, sai ɗan sarari da wayoyin wuta da bututun ruwa ke bi, sai wata shimfiɗa mai kama da leda da aka manne gaɓoɓinta da kyau, sai bargon kansa wanda kaurinsa kan kai santimita 30 ko 40 a wurare masu tsananin sanyi, sai wata shimfiɗa da ke tare iska da ruwan sama amma take barin tururi ya fita, sai sararin da iska ke zagayawa, sannan katako ko allon da ido ke gani daga titi. A kauri bai fi katangar soro ba, amma mutum ɗaya zai iya ɗaukar yankin bargon a kafaɗa. Rufi yakan sami bargo mafi kauri, ƙarƙashin daɓe ma ba a barin sa tsirara.

Wurin da aikin yake lalacewa shi ne inda wani abu mai saurin ɗaukar zafi ya huda bargon daga ciki zuwa waje. Dakalin bene na kankare da ya zarce waje ya zama baranda, ko ƙarfen da ya ratsa bango, ko bakin taga da aka ɗora kai tsaye a kan siminti, kowannensu ɓarauniyar hanya ce da zafi ke sulalewa ta cikinta, kamar yadda wutsiyar ludayin ƙarfe ke ƙona hannu alhali bakinsa ne ke cikin miya. Saboda haka masu zane a can sukan tsayar da baranda a kan ƙafafunta dabam, ko su raba ta da jikin gida da wani abu marar ɗaukar zafi. Siffar gida ma tana cikin lissafi. Duk lungu da saƙo da aka ƙara wa gini ƙarin fata ce da ke fuskantar sanyi, shi ya sa gidajensu masu tsimi sukan zama dunƙulallu, marasa yawan kusurwa, kuma gidajen da suka jingina da juna sun fi wanda ya tsaya shi kaɗai riƙe ɗumi. A garin Fermon na arewacin Kebek, wanda aka gina wa ma'aikatan haƙar ƙarfe a shekarun 1970, an kai wannan tunani matuƙa, domin an yi gini ɗaya mai tsawon kilomita 1.3 da ke tare wa sauran gari iskar arewa, kuma a cikinsa akwai gidaje da kantuna da makaranta. Ƙofar shiga kuwa kusan ko'ina biyu ce, da ɗan ɗaki a tsakani inda ake cire takalma da rigunan sanyi, domin kada buɗe ƙofa ya kwashe ɗumin falo. Mu da muka tashi da zaure ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan.

Taga ita ce mafi rauni a jikin gida, kuma ita ce kaɗai ke iya kawo riba. Gilashi mai falle ɗaya, irin wanda muke sakawa, yana zubar da zafi kusan ninki bakwai ko takwas na taga mai falle uku da aka cika tsakaninsu da iskar argon aka kuma shafa musu wani siririn sinadari mai mayar da zafi ciki. Ribar kuwa daga matsayin rana take zuwa. A nan Zinder rana takan bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, kuma ko a ƙarshen Disamba tsayinta da tsakar rana ya haura digiri 50, shi ya sa rufi ne babban abokin gabarmu. A Rijaina, a ƙarshen Disamba, rana ba ta tashi sama da kusan digiri 16 daga gefen kudu, a Oslo kuma ba ta kai 7 ba. Irin wannan rana ta kwance takan shiga ta tagar kudu ta miƙe har ƙuryar ɗaki, don haka manyan tagogi kudu ake fuskantar da su, na arewa a ƙanƙanta su, sannan a yi wa na kudun ƴar rumfa da za ta tare ranar bazara idan ta hau sama. Amma wannan riba tana da iyaka. A Turomso da ke arewacin Norwe rana ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, kuma duk wanda ya ce faifan sola zai ɗumama gida a can a wannan lokaci bai yi lissafi ba.

Sai batun toshe kafofi, wanda shi ne ya fi ba maginanmu mamaki idan na ba su labari. Bayan an gama gini, akan ɗaura wata babbar fanka a bakin ƙofa, a rufe ko'ina, a zuƙe iskar gidan ko a hura masa har matsin ya kai wani ma'auni da aka sani, sannan a auna yawan iskar da ke satar shiga. Ƙa'idar Passivhaus ba ta yarda ya wuce kashi 60 cikin ɗari na iskar gidan a cikin awa guda ba. Mai duba aiki yakan bi gaɓoɓi da ɗan hayaƙi yana neman inda ya karkata, kuma ramin ƙusa ɗaya da aka yi sakaci da shi yana iya sa a sake aiki. Dalilin tsananin ba ɗumi kaɗai ba ne. Iskar ɗaki tana ɗauke da tururin numfashi da na girki da na wanka, kuma idan ta kutsa cikin bango ta tarar da wuri mai sanyi sai ta zama ruwa, kamar yadda jikin ledar ƙanƙara ke yin gumi. Ruwan nan yana jiƙa bargo ya kashe amfaninsa, ya ruɓar da katako, ya haifar da funfuna. Shi ya sa ledar da ke tare tururi take zama ta gefen ciki, wato gefen ɗumi, kuma wanda ya kwafi wannan tsari ya kai shi ƙasa mai zafi da laima inda ake sanyaya ɗaki, to ya saka ta a gefen da bai dace ba.

Duk ɗan Damagaram da ya ji an ce a toshe ɗaki ruf zai tuna kaskon garwashi. Mun san abin da ke faruwa idan aka kwana da gawayi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga a lokacin hunturu, kuma mun san ba kowa ke farkawa ba. Gidan da ba ya yoyon iska dole a yi masa huhu, kuma huhun nan shi ne na'urar da ta fi kowace muhimmanci a cikinsa. Akwati ne mai fanka biyu, ɗaya tana janyo gurɓatacciyar iska daga madafa da makewayi tana fitarwa, ɗaya tana shigo da sabuwa zuwa ɗakunan kwana da falo. A tsakiyar akwatin hanyoyin biyu suna gittawa ta tsakanin siraran faranti masu yawa, ba sa cakuɗuwa, amma mai fita tana miƙa wa mai shigowa zafinta ta jikin farantin. Ƙa'idar ta nemi a ƙwato aƙalla kashi 75 cikin ɗari na zafin, na'urori masu kyau kuma sukan zarce haka. Idan waje yana 20 ƙasa da sifili, ɗaki kuma yana 20 sama, sabuwar iskar za ta iso ɗaki tana da digiri 10 ko fiye ba tare da an ƙona komai ba. Aibinta shi ne tana son kulawa, domin matatarta tana toshewa, farantanta kuma suna iya daskarewa a tsananin sanyi idan ba a yi musu tanadi ba. Nakan yi tunanin yadda matatar za ta kasance bayan mako guda na ƙurar hunturunmu.

Ɗan ɗumin da ya rage ana samo shi ta hanyoyi dabam-dabam gwargwadon arzikin ƙasa. Aislan tana zaune a kan ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa, kuma kusan gida tara cikin goma da shi ake ɗumama su. A Norwe fiye da rabin gidaje suna amfani da famfon zafi, wanda firigo ne da aka juya: yadda firigo ke kwashe zafi daga cikinsa ya zubar ta bayansa, haka wannan ke kwaso zafi daga iskar waje ko daga rijiya mai zurfi ya zuba a ɗaki, kuma a kan kowane ma'auni ɗaya na wuta da ya ci yakan bayar da kusan uku na ɗumi. Amfanin bango mai kyau yana fitowa fili ne ranar da wuta ta ɗauke. A Janairun 1998 ruwan sama mai daskarewa ya karya turakun wuta a Kebek, miliyoyin mutane suka shiga duhu, wasu har makonni, kuma a irin wannan hali gidan da ke riƙe ɗuminsa na kwanaki ya bambanta ƙwarai da wanda ke hucewa cikin sa'o'i.

Akwai kuma tambayar abin da aka yi ginin da shi, domin gidan da ba ya cin wuta amma aka ƙona duniya wajen yin kayansa bai cika tsimi ba. Sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke saki. Ƙasashen arewa suna da abin da mu ba mu da shi, wato daji, har kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar Finlan itatuwa ne. Saboda haka sun koma ga katako, suna manna shi falle-falle ya zama ginshiƙi da bango masu ɗaukar bene, kuma a 2019 aka kammala wani gini mai hawa 18 da tsayin mita 85.4 a garin Brumunddal na Norwe da irin wannan katako. Mu da muke neman azarar giginya ido rufe ba za mu bi su a nan ba, tamu hanyar ta fi kusa da ginin da ba itace, mai baka da ƙubba na tubalin ƙasa, wanda aka fara koyar da magina a Nijar tun wajen 1980. Bargon ma iri-iri ne: akwai na ulun dutse, da na zaren itace, da na tsofaffin jaridu da aka niƙa aka haɗa da maganin wuta da ƙwari, da na damin ciyawa, da kuma kumfar da ake yi daga man fetur. Kumfar tana aiki sosai a siririn wuri, amma gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, wadda ta ci rai 72 bayan wuta ta bi rufin da aka manna wa bangon waje, ta nuna abin da ke biyo baya idan aka zaɓi kaya ba a duba yadda suke ci da wuta ba.

Can ƙuryar arewa kuma matsalar juyawa take yi. A Yakutsk da Norilsk na Rasha, da Inubik a Kanada, da tsibiran Sibalbad na Norwe, ƙasa a daskare take shekara da shekaru, kuma ƙanƙarar da ke cikinta ita ce ƙarfinta. Gidan da ya zauna a kanta kai tsaye zai narkar da ita da ɗuminsa, ta zama taɓo, ya nutse ya tsage. Don haka ana kafa gini a kan turaku da aka soka cikin daskararriyar ƙasa, a bar sarari a ƙarƙashi iska mai sanyi tana wucewa, kamar yadda muke ɗora rumbu a kan duwatsu saboda gara da laima, bututun ruwa ma a sama suke bi cikin rigarsu. Yanzu da ɗumamar yanayi ke narkar da wannan ƙasa, gine-gine da dama a biranen Saiberiya sun fara tsagewa, ko rumbun ajiyar irin shuka na duniya da aka buɗe a Sibalbad a 2008 sai da ruwa ya shiga hanyar shigarsa a 2016, aka sake kashe kuɗi wajen gyara.

Kada a ɗauka kowa a can yana cikin irin gidan da na siffanta. Ginin yana da tsada a farko, yana son magina masu haƙuri da mai duba aiki da ba ya kau da kai, kuma mafi yawan mutane suna zaune ne a tsofaffin gidaje da gyaransu ya fi sabon gini wuya. A yankin Nunabut na Kanada an daɗe ana kai wa Inuwit gidajen da aka zana a kudu domin wata rayuwa dabam, marasa wurin gyaran naman farauta, marasa isasshen huhu, ga cunkoson jama'a, sai funfuna da ciwon ƙirji suka samu wurin zama, tarin fuka kuma ya fi yawa a can nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da sauran ƙasar. Wannan ɓangaren ya fi kowane kama da namu, domin ɗakina na bulo da kwano ma zane ne da aka yi wa wata ƙasa, na same shi a makaranta na kwafa, shi ya sa yake gasa ni a Mayu ya kuma bar ni da makyarkyata a Janairu.

Makon jiya na kai wa wani tsohon magini da nake aiki da shi zanen bangon nan mai shimfiɗa bakwai, muna zaune a zaurensa a Birni, na bi masa shi ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara har na gama, ya sa yatsa a kan bargon ya tambaye ni ko da me aka yi shi, na ce wani lokaci da ciyawa. Ya ce, "To ai ɗana, abin da muke cusawa tsakanin kwano da silin ke nan a da, kafin ku ce ƙazanta ce." Na ce, "Baba, gara da ɓera fa?" Ya ce a kwaɓa ƙaiƙayin gero da ruwan yumɓu a bar shi ya bushe fale-fale, sannan a bar kafa a gabas da yamma domin iska ta riƙa bi ta ƙarƙashin kwanon. Mun yi da shi za mu gwada a rufin ɗakina kafin zafin Afrilu, kuma na riga na aika ƙauye a tara mini ƙaiƙayi buhu goma.